Akta Ba Ya Mutuwa: Yadda Finafinan Faɗa Suke Rikiɗewa Su Koma Barkwanci

Duk wanda ya taɓa biyan kuɗi ya zauna a kan bencin gidan kallo a Gumel, ko Maigatari, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar, ya san wasu kalmomi biyu da ba a koyar da su a aji: akta da bos. Akta shi ne jarumin fim. Bos kuwa shi ne babban mugun da ake ajiyewa sai ƙarshe. Daga kalmomin nan biyu 'yan kallo suka fitar da wata doka da kowane yaro ya haddace, wato akta ba ya mutuwa. A ɗaure shi, a rataye shi, a kewaye shi da bindigogi, sai ka ji wani daga bencin baya ya ce, "Ku kwantar da hankalinku, akta ne fa!"

Maganar ta yi kama da wasan yara, amma a cikinta akwai tarihin wata babbar matsala da ta daɗe tana damun masu shirya finafinan faɗa daga Amurka har Indiya. Fim na farko yakan kama zuciya ne saboda ana tsoron kada jarumi ya halaka. Da zarar ya yi kasuwa aka yi na biyu da na uku, tsoron ya tafi, domin kowa ya san ba za a kashe kazar da ke ƙwai ba. Abin da ke biyo baya shi ne ƙarin harbi da ƙarin wuta, har abin ya wuce hankali, daga nan kuma sai dariya. Wannan hanya an bi ta sau da yawa, kuma mu ma a ƙasar Hausa muna da namu rabon a cikin labarin.

Yadda jaruman suka iso mana

An buɗe sinimar Rex a Kano a 1937, sannan Palace ta biyo baya a farkon shekarun 1950, daga baya aka sami irin su Plaza da Orion da Marhaba da Eldorado. Finafinai iri uku ne suka riƙe waɗannan gidaje: na kaboyi daga Amurka, na Indiya, sai na Cainis da suka yi tashe a shekarun 1970 bayan fitowar Bruce Lee. Mutane sun ɗauki taurarin kamar 'yan unguwa, har suka raɗa musu sunaye. Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma daga baya ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Arnold Schwarzenegger ma sunansa ya ɓace tun daga fim ɗinsa na 1985, kowa sai Kwamando.

Garuruwan da ba su da babbar sinima sai da bidiyo ya zo suka shiga sahu sosai. Talabijin ɗaya da na'urar kaset da janareta da benci sun isa a buɗe gidan kallo. Gari irin Maigatari kuwa, da ke bakin iyaka, yana da wata dama ta daban. Kasuwarsa ta ranar Alhamis tana tara fatake da masu shanu da raƙuma daga Najeriya da Nijar, kuma inda duk mutane suka taru haka, kayan nishaɗi sukan bi su. A da, kaset ɗin da aka kwafa a Kano yakan bi hanyar Gumel ya ƙetara zuwa ƙasar Damagaram. A wannan gefen ana koyon Turanci a makaranta, a wancan gefen Faransanci, yawancin 'yan kallo kuma ba sa jin ko ɗaya. Fim ɗin faɗa bai damu da wannan ba. Naushi ba ya bukatar tafinta, kuma wannan ne ya sa irin waɗannan finafinai suka fi kowanne saurin ƙetare iyaka.

Akwai abin lura a nan. Mai kallon da ba ya jin harshen fim yana zuba ido ne a kan tsarinsa: wa zai fara faɗuwa, yaushe za a kama akta, yaushe zai kuɓuta, yaushe zai haɗu da bos. Bayan kallon goma ko ashirin, ya gane ƙashin bayan abin fiye da wanda surutun 'yan wasa ya ɗauke wa hankali. Shi ya sa 'yan gidan kallonmu suka riga masu fim ɗin fara dariya.

Rambo kafin ya zama Rambo

Babu misalin da ya kai na Rambo. Fim na farko, *First Blood*, ya fito a 1982, an kuma ɗauko shi ne daga littafin David Morrell na 1972. Labarin wani tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin Biyetnam ba shi da kowa, ya je neman abokinsa ya tarar ya rasu, shugaban 'yan sandan wani ƙaramin gari ya wulaƙanta shi, ya tsere cikin daji ana farautarsa. Mutum ɗaya tak aka tabbatar ya mutu a fim ɗin, shi ma faɗowa ya yi daga jirgi mai saukar ungulu. A ƙarshe Rambo ya durƙushe yana kuka a gaban tsohon kwamandansa. A littafin ma mutuwa ya yi. An ɗauki irin wannan ƙarshe a fim, amma waɗanda aka fara gwada wa ba su so ba, sai aka canza aka bar shi da rai.

Wannan canji shi ya buɗe ƙofa. A 1985 aka mayar da shi Biyetnam da baka da kibau masu fashewa, yana karkashe sojoji ba adadi. A 1988 aka kai shi Afganistan yana yaƙar rundunar Tarayyar Sobiyet, har ya yi karo da jirgi mai saukar ungulu yana cikin tankar yaƙi. Fim ɗin ya fito a watan Mayu, daidai watan da sojojin Sobiyet suka fara janyewa daga ƙasar. Mutumin da aka fara nuna shi a matsayin wanda yaƙi ya lalata ya koma tallan yaƙi. Shekara biyar bayan haka, a 1993, aka yi *Hot Shots! Part Deux*, inda Charlie Sheen ya ɗaura ƙyalle a goshi yana kwaikwayonsa, har aka sa lamba a jikin allo tana ƙirga gawawwaki kamar mitar famfon mai. Masu barkwancin ba su sha wahala ba, domin kashi na uku na ainihin Rambo ya riga ya yi musu rabin aikin.

Idan dambu ya yi yawa

Wasu jerin finafinan ba su jira wani ya yi musu ba'a ba, su suka yi wa kansu. *Lethal Weapon* na 1987 labarin ɗan sanda ne da matarsa ta rasu, baƙin ciki ya sa ba ya ƙaunar rayuwa. A kashi na biyu, 1989, aka shigo da Joe Pesci a matsayin sarkin surutu. Kafin a kai na huɗu a 1998 an ƙara ɗan barkwanci Chris Rock, fim ɗin ya koma kamar taron dangi da ake ɗan harbe-harbe a tsakani. *Terminator* na 1984 ya tsorata mutane da wani mutum-mutumin ƙarfe da ba ya jin roƙo. A kashi na uku, 2003, sai ga shi ya laluba aljihu ya zaro tabarau mai siffar tauraro ya maƙala, don kawai a yi dariya da abin da aka saba gani a baya.

*Fast and Furious* ya fara a 2001 da 'yan tseren mota masu satar kayan lantarki daga manyan motoci. A 2011 suna jan wata ƙatuwar ma'ajiyar kuɗi ta ƙarfe a titunan Rio. A 2015 mota tana tsalle daga wani dogon bene zuwa wani a Abu Dhabi. A 2021 aka ɗaura wa mota roka aka harba ta sararin samaniya, kuma a cikin fim ɗin akwai wanda ya zauna yana tambayar abokansa me ya sa duk wannan haɗari ko ƙwarzane ba sa yi. Wato dai sai bayan shekara ashirin ɗan wasa ya faɗi abin da yaran gidan kallo suka daɗe da sani. A *The Expendables 2* na 2012 kuwa, tsofaffin jarumai ne suka taru suna musayar kalaman da aka san su da su, Chuck Norris ya ba da labarin yadda kumurci ya sare shi, bayan kwana biyar ana fama, macijin ya mutu.

Dalilan wannan rikiɗa a bayyane suke. Na farko ciniki: sunan da aka riga aka sani ya fi sabon labari saurin dawo da kuɗi, don haka dole jarumi ya rayu. Na biyu, kowane sabon kashi sai ya fi na baya girma, kuma girma yana da iyaka. Hausawa sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Mutuwar mutum ɗaya tana sa a yi shiru, ta mutum ɗari a minti biyu sai ta koma lissafi. Na uku, 'yan wasan suna tsufa, dattijo mai shekara sittin da ke bugun samari ashirin kuwa dole ya ɗan kashe ido ya nuna ya san abin da yake yi. Barkwanci a irin wannan hali kamar neman afuwa ne tun kafin a yi ƙorafi.

Mai son dambe zai gane wannan nan take. A fagen dambe, idan aka kai mutum ƙasa cewa ake an kashe shi. Abin da ya sa mutane suke cika fili don ganin Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa, shi ne sanin cewa duk ƙarfinsa akwai ranar da zai iya haɗuwa da gabansa. Da an tabbatar ba ya faɗuwa, da kallonsa ya koma irin na 'yan tauri: a yi mamaki, a tafa, amma gaba ba ya faɗuwa.

Dariya iri biyu

Kada mai karatu ya ɗauka duk dariyar da ta shiga fim ɗin faɗa alamar gajiya ce. Bayan rasuwar Bruce Lee a watan Yulin 1973, masu fim a Hong Kong sun cika kasuwa da masu kama da shi, irin su Bruce Li da Bruce Le. Har fim ɗin da ya bari bai gama ba, *Game of Death*, an ƙarasa shi a 1978 da wasu mutane, a wani wuri ma hoton fuskarsa aka yanka aka liƙa. Jackie Chan yana cikin waɗanda aka so a mayar sabon Bruce Lee, a *New Fist of Fury* na 1976, abin bai karɓu ba. Sai a 1978, da *Snake in the Eagle's Shadow* da *Drunken Master*, ya sami tasa hanyar. Jaruminsa yana jin tsoro, yana gudu, idan ya kai naushi ya yarfe hannu don zafi. Daga baya ma ya riƙa nuna raunukan da ya ji na gaske a ƙarshen finafinansa. Dariyarsa ta dawo da abin da sauran suka zubar, wato cewa jikin mutum yana jin ciwo.

A nan kusa da mu ma an yi irin wannan tun kafin Rambo. A 1966, ɗan Nijar Moustapha Alassane ya yi gajeren fim mai suna *Le Retour d'un aventurier*, ma'ana dawowar ɗan yawon duniya. Wani saurayi ne ya dawo daga Amurka da tsarabar kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka sa malafa da takalma, suka ɗauki sunayen Turawa, suka hau dawakai suna kwaikwayon abin da suka gani a sinima. Da farko abin dariya ne, kafin wasan ya rikiɗe ya zama fitina ta gaske a ƙauyen. Zalika Souley tana cikin 'yan wasan. Alassane ya yi ba'a ga finafinan kaboyi, ya kuma yi tambaya mai nauyi game da abin da suke shukawa a zukatan samari.

Wannan salo ba baƙo ba ne a wurinmu. 'Yan kama sun daɗe suna ɗaukar muryar maroƙi ko ta mai wa'azi su juya ta ta koma zancen tuwo da miya. A wasan gauta, matan fada sukan kwaikwayi sarki da hakimansa a gaban idonsu. A tashe yara sukan yi shigar manya. Duk a cikinsu ƙaramin ne ke ɗaukar rigar babba ya sa, don jama'a su ga inda ta yi masa yawa. Dariyar da jarumin Amurka ke yi wa kansa a kashi na huɗu ta bambanta da wannan, domin shi mai rigar ne da kansa yake murmushi don a ci gaba da sayen tikiti.

Amsar Kano

Masana'antar fim ta Kano ta fara ne da *Turmin Danya* a 1990, ta bunƙasa a kan soyayya da waƙa. Ba ta da kuɗin fasa motoci ko tayar da gine-gine. Amma ta san ciniki da kashi-kashi, domin 'yan kasuwar Ƙofar Wambai sun saba sayar da fim na ɗaya da na biyu, wani lokaci har na uku da na huɗu. Wanda ya fi kowa cin moriyar suna mai dawowa shi ne Rabilu Musa Ɗanlasan, wato Ibro, wanda aka haifa a 1971, ya yi aikin gandiroba kafin ya koma wasa gaba ɗaya.

Ibro ya juya tsarin ne. A Amurka jarumi yakan fara da gaske ya ƙare da wasa. Ibro da wasan ya fara, sannan ya riƙa ɗauko duk wani mai suna a duniya yana sa rigarsa: *Ibro Awilo*, *Ibro Ɗan Indiya*, *Ibro Saddam*. A 2002, watanni kaɗan bayan Amurka ta afka wa Afganistan, aka saki *Ibro Usama*, inda yaƙin da duniya ke bi a rediyo cikin fargaba ya koma wasan ƙauye da kayan aro. Fim ɗin ya jawo ce-ce-ku-ce, domin lokacin mutane da yawa ba su ga abin dariya a maganar ba. Ƙasar da Rambo ya je ya yi jarumta a 1988 ita ce Ibro ya mayar fagen barkwanci bayan shekara goma sha huɗu. Kuma dariyarsa tana da farashi. A 2008 kotun tafi-da-gidanka mai aiki da Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta yanke masa ɗaurin wata biyu a kan *Ibro Aloko*. Tsohon gandiroba ya koma gidan yari a matsayin fursuna. Ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014.

A shekarun da suka biyo bayan 2010 sai ga wata sabuwar hanya, wato fassarar Indiya-Hausa, wadda kamfanoni irin su Algaita na Kano suka yi fice a kanta. Yawancin abin da ake fassarawa finafinan kudancin Indiya ne, inda jarumi kan doki ƙasa mutum goma su tashi sama. Masu fassarar ba su tsaya ga mayar da magana kawai ba. Sun sa wa jarumai bakin 'yan Kano, da kirari da habaici da zagin wasa, har wurin da aka shirya don ya ba da tsoro ya koma wurin da ake jira a yi dariya. Abin da mai ihu daga bencin baya yake yi a da, yanzu an shigar da shi cikin fim ɗin kansa. Yau ba sai an je gidan kallo ba. Masu tura finafinai a waya suna nan a tasha da bakin kasuwa, makiyayin da ya kawo shanu Maigatari ranar Alhamis yana iya komawa da fim goma a aljihu.

Abin da ke kan faifai

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa, ai nishaɗi ne. Gaskiya ne, kuma ba laifi mutum ya yi dariya bayan wunin rana. Sai dai akwai abin da ake asara idan harbi ya zama wasa. *First Blood* ya nuna cewa wanda ya riƙe bindiga yakan dawo gida da ciwon da ba a gani. Kashi na uku ya share wannan, ya bar wa yara hoton ƙato mai ɗamarar harsashi. A yankin da mutane da yawa suka san ƙarar bindiga ta gaske, suka san zaman makoki da biyan kuɗin fansa, bambancin waɗannan hotuna biyu ba ƙarami ba ne.

Tambayar ta zo ƙofarmu yanzu. Kannywood ta gwada jarumi mai dawowa, kamar yadda Adam A. Zango ya yi da *Basaja* da *Gwaska*, kowanne da ci gabansa. Daga nan kasuwa ta koma ga shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da tashoshin talabijin, ciki har da na 'yan daba da 'yan sanda, inda ake bukatar sabon kashi kowane mako. Matsin da ya ɗauki Amurka shekaru kafin ya lanƙwasa Rambo yana iya samun marubucin Kano cikin zango biyu. Jarumi ya karɓu, masu talla sun shigo, ba a so a rabu da shi, labari kuma ya ƙare tun tuni. Daga nan sai a ƙaro sabon bos, a ƙaro ɗan barkwanci, a dawo da wanda aka binne.

Tarihin nan ya nuna hanyoyi biyu da suka yi aiki. Ko dai a bar jarumi ya biya farashin abin da ya aikata, ya ji rauni, ya yi rashi, in ta kama ma ya mutu a rufe labari da mutunci. Ko kuma a rungumi dariyar tun daga farko da gaskiya, irin ta Jackie Chan da Alassane da Ibro, wadda ke tuɓe wa ƙarfi rawani a ga ƙeyarsa. Hanyar da ta fi yawan kunyata masu ita ita ce ta tsakiya, inda ake so a ci gaba da sayar da jarumta alhali mai sayarwar ya daina yarda da ita. 'Yan kallon Hausa sun shafe fiye da shekara tamanin suna nazarin akta da bos, kuma sukan gane lokacin da fim ya fara yi musu wayo tun kafin a kai rabinsa.